Ƙaramin Lagireto da Gawon Hanyar Shagari

Duk faɗin Bodinga ban san wani mahaluki da ke ɗokin zuwan bazara ba in ba ni ba. Mutane na kuka da zafi, suna yayyafa wa tabarma ruwa, suna neman inuwa kamar kaji, ni kuwa ina ƙirga kwanaki a raina ina murna. Ba taɓin hankali ba ne. Ba kuma don sana'ata ba, ko da yake gyaran injin ban-ruwa nake yi, kuma da rani ne manoman albasa ke cika mini rumfa. Dalilin wata tsohuwar mota ce, da wani gawo a bakin hanyar Shagari, da mahaifina wanda bai taɓa kiran sunana ba.

Ni ne ɗan fari, kuma sunan kakana aka sa mini, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ba sai na yi masa dogon bayani ba. Baba ba ya kiran sunana, ba ya zama inda nake zaune, ba ya duban fuskata in da mutane. In yana son ruwan alwala sai ya ce wa ƙanena ya gaya wa wancan ya kawo buta, alhali wancan ɗin yana tsaye taku uku daga gare shi. Ƙannena suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu. Ni ko da aka yaye ni sai aka kai ni Mandera wurin Gwaggo, yayarsa, ita ta riƙe ni har na yi wayo. Gwaggo ba ta rage ni da komai ba, Allah ya sani. Amma na ji haushin wannan al'ada, kuma har yau da furfura a gemuna ban gama hucewa ba.

Kowace Alhamis Baba yakan zo Mandera gaishe da yayarsa. Tun daga nesa nake jin kukan motar, in ruga in laɓe a bayan ƙofar zaure. Yakan zauna su gaisa, su yi ta hirar gero da ta dangi, bai ko waiga inda nake. In zai tashi sai ya ajiye ƙullin dabino ya ce a ba yara. Ni kaɗai ne yaro a gidan.

Motar 'yar ƙarama ce, kujera biyu tak, ba ta da rufi sai wani tamfol da ake naɗewa a baya. Koriya ce, launin ganyen albasa da ya sha ruwa, mai dogon hanci, ga fitilu sun fito zuru-zuru, shi ya sa yaran Bodinga ke ce mata motar kwaɗo. In ka zauna a ciki kana iya miƙa hannu ka tsinke ciyawar bakin hanya. Ta wani Bature ce, likitan dabbobi, wanda Baba ya yi wa tuƙi da kanikanci tun yana saurayi, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Don tsere aka ƙera ta, a ƙasar da ake rawar ɗari, sai ga ta a hanyar Shagari da kwandon albasa a bayan kujera.

Ciwonta ɗaya ne. Da damina da lokacin sanyi lafiyarta lau, ba ta tsayawa sai ƙofar Gwaggo. Amma in bazara ta kankama, baƙin man da ke cikin injinta sai ya yi zafi ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa. Akwai wani ɗan agogo kusa da sitiyari mai allura ɗaya. In mai yana da kauri allurar na tsaye, in ya tsinke sai ta fara sunkuyawa, dole a tsaya a bar inji ya huce. Kuma ikon Allah, kusan kullum wuri ɗaya take sunkuyawa, inda wani babban gawo ke tsaye shi kaɗai a gefen kwalta kafin a hango Shagari. Gawo kuwa itace ne mai taurin kai. Da damina, sa'ad da kowa ke fitar da ganye, shi zubarwa yake yi, sai rani ya tsaya sannan ya lulluɓe kansa da kore. Duk lokacin da motar ke bukatar inuwa, yana da ita.

Ina da kamar shekara goma aka ɗauko ni daga Mandera don a sa ni makaranta a Bodinga, ranar na fara shiga motar. Muka wuce Shagari, allura ta sunkuya, Baba ya ja gefe ƙarƙashin gawon. Ya buɗe bonet, hucin inji ya daki fuskarsa, ya ja baya ya tsuguna. Ni ma na tsuguna can nesa ina tonon ƙasa da tsinke. Ƙarfe yana hucewa, yana ƙas, ƙas, a hankali. Kurciya na kuka a sama. Can sai na ji ya yi magana, fuskarsa na wajen motar.

"Ke, kin ga wanga yaro? Ya yi tsawo."

Na waiga ban ga kowa ba. Ya ci gaba, da motar dai, wai ko yaron na cin tuwo da kyau, oho, shi dai ya ga wuya ya rame. Na rasa inda zan sa kaina. Sai na dubi tayar gaba na ce mata ina ci, Gwaggo har ƙari take yi mini. Baba ya gyaɗa wa motar kai, kamar ita ta ba shi amsa.

Haka muka samu hanya, ni da shi. Da na dawo Bodinga ni ke raka shi Mandera kowace Alhamis, da sunan mai riƙe kwando. A gida ba abin da ya sauya, ina nan a wancan. Amma in bazara ta zo, muna da inuwar gawo da tsawon lokacin da inji ke ɗauka kafin ya huce. Ta bakin motar na ji cewa bai ji daɗin barina makaranta ba. Ta bakinta na ji, bayan shekaru, cewa an nuna masa wani inji da na tayar a fadama, kuma aikin bai yi muni ba. Ita na gaya wa ina son aure, ita ta tambaye ni 'yar gidan wa. Wallahi in wani ya gan mu sai ya ce mun zautu, manya biyu sun tsuguna suna hira da ƙarfe.

Har yanzu in na lumshe ido can nake komawa. Kwalta tana narkewa a nesa ta zama ruwa, shanun da ke tsallake hanya suna tafiya a kansa ba sa nitsewa. Manyan motoci su taho suna lilo, ba a ganin tayoyinsu, su wuce, iskarsu ta kaɗa mana riga. Warin baƙin mai mai zafi ya haɗu da na albasar da aka tone a gonakin gefe. Awaki na jiran 'ya'yan gawo su faɗo. Wani barci-barci yakan kama ni, muryar Baba ta riƙa zuwa kamar daga cikin rijiya, har in kasa bambance ko shi ke magana ko injin. Ban taɓa sanin minti nawa muke yi ba. Wani abu kuma da ban lura da shi ba sai daga baya: Baba bai taɓa yarda mu yi sammako ba. Da sanyin safiya motar za ta kai Mandera ba tare da ta yi zafi ba, ya fi kowa sani, amma kullum sai hantsi ya dubi ludayi rana ta take sannan zai ce a fito da ita.

Da idanunsa suka fara hazo sai tuƙi ya dawo hannuna. Bai ce mini karɓi ba. Ranar kawai na fito na tarar yana zaune a ɗaya kujerar, makulli na kan sitiyari. Ba ya ganin allura kuma, amma kunnensa da hancinsa sun fi agogon. Kafin in ga ta sunkuya ya riga ya ɗaga yatsa.

A ƙarshen wata bazara, hadari har ya fara leƙowa daga gabas, muna ƙarƙashin gawon sai ya dafa motar ya ce, "Ke kin tuna ran sunan wanga? Ran da nib bar gida da hantsi, anka yi ta nemana?" Na kasa kunne. Na san uban ɗan fari yakan ɓuya ranar suna saboda kunya, amma ba wanda ya taɓa gaya mini inda nawa ya tafi. Amma bai ƙarasa ba. Sai ya ce ta huce, mu tafi. Kafin Alhamis ta zagayo ruwa ya sauka, gawo ya zubar da ganye, motar ta daina zafi. Shekara guda cur na yi ina ɗauke da rabin labarin nan, ina gyaran injin mutane ina ƙarasa shi a raina ta hanyoyi iri-iri.

Bazara ta dawo, na ce Alhamdulillahi. Amma tafiyar farko, tun ba mu yi rabin hanyar gawon ba allura ta kwanta gaba ɗaya, kuma na ji wani ƙwanƙwasa daga can cikin injin, kamar mutum yana buga ƙofa daga ciki. Na san wannan ƙarar. Na sha jin ta a injin ban-ruwa kwana kaɗan kafin ya ƙone. Da lallashi na kai mu inuwar. Ranar ba a yi hira ba, tsoro ya cika mu duka biyu. Baba ya shafa gefen motar ya ce mata ta tsufa, shi ke nan abin da ya faɗa.

Na yi ta juya abin. Kayan injin wannan mota ba a Sakkwato ba, ko ina ka je ba ka samun su. In ta ƙone ta tafi ke nan, kuma in ta tafi ba ni da sauran bakin da zan ji mahaifina da shi. Ga tsoho ƙafafunsa sun fara kumbura, tari ya ƙi sakinsa. Magani ɗaya na sani, a yi wa baƙin mai nasa ƙaramin lagireto, kamar yadda ruwa ke da nasa, ya riƙa fita yana shan iska yana komawa. Na tuna da gawon, ba na ce ban tuna ba. Amma na ce a raina ai wurin tsayawa ya riga ya zama wurin tsayawa, shekara nawa, ko mota ta yi zafi ko ba ta yi ba za mu ja gefe. Ni da nake ganin na san Baba, ashe ko rabinsa ban sani ba.

Na shiga wurin 'yan gwangwan a Sakkwato na yini ina tonon tarkace, har na samo ɗaya da aka cire daga wata tsohuwar motar kaya. Bai fi allon karatu girma ba, baƙi ƙirin, haƙarƙarinsa cike da laka. Na wanke cikinsa da fetur har sau biyar kafin ya fara fitowa fari. Na toshe baki ɗaya, na hura iska da famfon keke ta ɗayan, na tsoma shi a baho yadda mai faci ke yi wa tub, na zuba ido. Ko kumfa ɗaya bai taso ba. Sannan na kai wa wani mai injin sassaƙar ƙarfe awo, ya fitar mini da wani faifai mai kauri mai baki biyu, wanda zai zauna tsakanin inji da filtar mai. Ta baki ɗaya mai zai fita, ya bi tiyo zuwa ƙaramin lagireton, ya dawo ta ɗayan.

A ƙofar gida na yi aikin, ƙarƙashin darbejiya. Ban nemi izini da baki ba, na dai ajiye kayan inda hannunsa zai taɓa su. Ya lalube su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan faifan, ya sa yatsa a kowane rami. Bai hana ba. Ya ja tabarmarsa can gefe ya zauna yana jan carbi, kamar abin bai dame shi ba, amma duk sifanar da na ɗauka ya san lambarta daga ƙararta.

Na kwance ragar gaba na ɗaura lagireton a gaban babban, inda iska ke fara bugawa. Ina cikin ɗaure noti sai na ji ya ce wa motar, shi da a ce shi ne, bakunan lagireton sama za su duba, don kada iska ta maƙale a ciki. Na kwance na juya. Da na ja tiyo, ya ce mata yana jin tausayin duk robar da ta kusanci bututun hayaƙi. Na duba, gaskiyarsa, saura ɗan yatsa su haɗu. Na zagaya da shi ta ɗaya gefen, na naɗe shi da fata a inda yake gogar ƙarfe, na ɗaure da kilif biyu-biyu. Ya tuna mata tsakuwar hanyar Mandera, da yadda cikinta ke kusa da ƙasa, sai na yanko ragar waya na yi wa lagireton garkuwa. Kai, ranar har daɗi na ji. Ban taɓa jin maganarsa da yawa haka a ƙofar gida ba, ga mutane na wucewa.

Na juye tsohon mai, ya fito kamar ruwan rini. Na zuba sabo, na ƙara a kan yadda aka saba, tunda sabuwar hanyar ita ma za ta sha nata. Na cire wayoyin fulogi na yi ta murza makulli har allura ta motsa, don kada inji ya tashi a bushe. Sannan na mayar, na shimfiɗa takardar siminti a ƙasa, na tayar. Ɗigo ɗaya ya faɗo daga wajen faifan. Na ƙara wa notin rabin juyi, na kwanta a ƙasa ina kallon takardar har wuyana ya ƙage, wani bai biyo ba. Ƙwanƙwasar nan ta yi ƙasa sosai, sai wanda ya san da ita zai ji. Na dafa ƙaramin lagireton na ji ɗumi yana shigarsa a hankali, daga gefe ɗaya zuwa ɗayan.

Alhamis ta zo da zafi irin wanda ke sa tsuntsu buɗe baki. Muka kama hanya. Allura na tsaye ƙyam, ko gezau. Ina ta satar kallonta ina jin kaina. Gawon ya fito daga cikin kawalwalniya, kore shar, yana ta matsowa. Na ɗaga ƙafa daga totur, motar ta fara rage gudu.

"Mi af faru?" in ji Baba.

Ba da motar ya yi ba, da gilashin gaba ya yi. Na buɗe baki in ce mu ɗan huta, sai kunya ta hana ni. In ce masa me? Mu tsaya ka yi mini hira? Ni ɗan fari, shi uba, inji lafiya lau yana kuka mai daɗi, kuma ya fi ni jin haka. Na ce ba komai. Na taka, inuwar ta shafe mu ta wuce kamar ƙiftawar ido, na ga gawon yana ƙanƙancewa a madubi.

Gwaggo ta yi mamakin ganinmu da wuri, tuwo ma bai sauka ba. Ta ja ni gefe ta tambayi abin da na yi wa motar. Na zayyana mata, har da kwatance da hannu. Ta daɗe tana dubana da idanun nan nata da suka raine ni, sannan ta ce Allah ya ƙara basira. Na san muryar Gwaggo in tana addu'a, wannan ba ita ba ce.

Alhamis uku muka yi haka. Mu tashi Bodinga shiru, mu isa Mandera shiru, mu dawo shiru. Motar ta zama yarinya, tana cin hanya kamar ta tuna abin da aka ƙera ta dominsa, ni kuwa kamar in ɗauki guduma. Na tsani ƙaramin lagireton nan, na tsani hannuna da ya ɗaura shi. Sau biyu ina ɗaukar sifana in cire shi, sai in tuna ƙwanƙwasar, in ajiye. In na cire na kashe motar, in na bari na rufe bakin Baba. Ga hadari ya fara haɗuwa da yamma, ganyen gawo ya fara ja da baya. Tarin tsoho kuwa yana ƙaruwa. Ina jin sa daga ɗakina, in ce a raina anya wannan zai ga wata bazarar, sai in yi istigfari.

Safiyar Alhamis ta huɗu na tafi sayo fetur a jarka. Na dawo na tarar Inna, mahaifiyata, tana faɗa a tsakar gida, wai wani marar aikin yi ya yanke mata gindin sabon buhun albasa, da wuƙa kuma, ba ɓera ba ne. Tana yi tana duban jikokinta, su kuma suna rantsuwa. Baba na zaune a mota ya riga ya gyara hula. Ban kawo komai a raina ba, na zuba mai muka tafi.

Mun wuce rabin hanya sai hancina ya ɗauki wani wari da na sani. Na dubi agogo, allura ta fara sunkuyawa. Na ce shi ke nan, tiyo ya fashe, mai yana zuba, na kashe ta da hannuna. Na leƙa madubi ko zan ga baƙin layi a kwalta, ban gani ba. Baba ya ɗaga yatsa. Gawon na gabanmu, na ja gefe na kashe inji, muka gangara cikin inuwar ba ƙara.

Na buɗe bonet, ko'ina a bushe. Na zagaya gaba na durƙusa na leƙa ta raga. Sai ga guntun buhun albasa an lulluɓe ƙaramin lagireton da shi ruf, an ninke gefuna tsaf, an zagaye da igiyar rama. Na bi igiyar da ido har ƙullin. Ƙulli ne mai kunne ɗaya, wanda ake ja sau ɗaya ya warware. Da shi ake ɗaure kwando a bayan kujera tun ina ɗan shekara goma, da shi ake ɗaure ƙullin dabino. Na yi shekaru ina ƙoƙarin koyonsa a ɓoye ban iya ba. Na hango a raina tsoho mai kumburarrun ƙafafu, wanda ba ya gani sosai, ya durƙusa a ƙofar gida yana cusa hannu ta bayan raga kafin in dawo daga gidan mai. Na daɗe a durƙushe, don ban yarda da fuskata ba.

Da na ɗago, na dubi fitilar motar na ce mata wani buhu ne iska ta kwaso ya toshe mata hanci.

"Iska kan yi haka," in ji Baba.

Ya fito da kyar, ya lallaɓa ya tsuguna a inda ya saba, ni ma na koma nawa wurin. Ƙarfe ya fara ƙas, ƙas. Ganyen gawo ƙanana suna saukowa ɗaya-ɗaya suna kwanciya a kan bonet. Can nesa shanu na tafiya a kan ruwan da babu shi. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba, har barcin nan ya fara ɗibata. Sai na ji ya ɗauko daga daidai inda ya ajiye bara, kamar jiya ya yi shiru.

Ya ce da motar ai ita shaida ce. Ranar an cika gida, an yanka rago, abokansa na nemansa su yi masa tsiya, shi kuwa ya sulale ya ɗauke ta, lokacin ma ba ta zama tasa ba, ya kama hanya bai san inda za shi ba. A nan ta yi zafi, karo na farko a hannunsa. Ya ce liman ya raɗa sunan da safe, kowa ya maimaita, mata sun yi guɗa, shi kaɗai ne a duniya ba shi da halin faɗa. Sunan yana bakinsa kamar garwashi. Ya duba gabas ya duba yamma ba kowa, sai ya buɗe bonet ya sa kansa ciki.

"Nif faɗa miki shi. Sau nawa, ban sani ba. Ke kaɗai kin taɓa jin shi daga bakina."

Ya dafa gwiwa ya miƙe. Na zaci cewa zai yi ta huce. Sai ya taka zuwa motar, ya dafa gefenta da hannu biyu, ya sunkuya cikin hucin injin kamar mai duba wani abu. A hankali ya faɗi sunan, sau ɗaya, amma na ji. Ba zan rubuta shi a nan ba. Shekarata hamsin ba kaɗan ina amsa sunan nan a bakin kowa, ban san haka yake ba sai ranar.

Ya ce a duba mai. Na zaro sandar awo na goge na mayar na sake zarowa, na kasa ganin layin, komai ya zama ruwa-ruwa. Na ce wa motar ya yi daidai.

Kafin mu tashi na koma gaba na ja kunnen ƙullin, buhun ya faɗo hannuna. Ni bakanike ne, ba zan bar shi ruf ya kashe ta ba. Na ninke shi biyu na rufe rabin lagireton, yadda za ta kai gawo da ɗuminta ba tare da ta ƙwanƙwasa ba, na zagaya igiya na ɗaure iya iyawata. Ina ɗagowa na ji shi a bayana. Ya durƙusa kusa da ni, kafaɗarsa na taɓa tawa, ya cusa hannu ta raga ya lalubi buhun, ya auna rabin da na bari da tafin hannu. Da yatsunsa suka kai ga ƙullina sai ya yi tsaki.

"Ba haka aka ɗaure shi ba. Kawo hannunka."

Ba da motar ya yi ba. Na miƙa masa hannuna.